Maganin Mutum Huɗu a Roba Ɗaya

Assalamu alaikum mata 'yan'uwana. Tun kafin in fara, don Allah kada wadda ta ce min "Allah sarki". Na sha Allah sarki har ta ginshe ni. Abin da ya same ni zan faɗa, wadda za ta ɗauka ta ɗauka.

Sunana Rabi, a Sabon Garin Wudil nake aure. Gyaran amare nake yi tun ina aji biyar a sakandare: dilka, halawa, turaren jiki, lalle. Wadda ba ta san sana'ar nan ba, to uwar amarya ba ta tambayar takarda. Fuskarki take kallo. In fatarki na sheƙi ta ba ki 'yarta. In ba ta yi mata ba, ta ce za ta kira ki, kuma har abada ba za ki ji kiran ba.

Cikina na fari yana wata shida tabon ya fito. Kumatu biyu, kamar an dangwalo toka da babban yatsa an shafa min, sai wani siriri a saman leɓe kamar gashin baki. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Malamar awo ta ce na ciki ne, yakan tafi da kansa bayan haihuwa. Na ce wata nawa? Ta ce ya danganta, wata nata wata shida, wata shekara, in dai yi haƙuri. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ba ma ga maciji da haƙuri.

Na haifi Hanifa, aka kai ni gidanmu a Utai wanka. Kwana arba'in, ruwan zafi safe da yamma da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa. Inna ta yi ƙoƙari, Allah Ya saka mata, jikina ya murje. Amma tabon maimakon ya tafi sai ya ƙara duhu.

Kwanana uku da dawowa ɗakina Hajiya Balaraba ta zo barka. A unguwarmu duk wadda Hajiya Balaraba ta ba aikin biki, ita kowa zai ba. 'Ya'yanta mata biyar ne, ta farin za a aurar bayan Babbar Sallah, kuma ni ta zaɓa in yi gyaran sati biyu cur. Ta karɓi jaririya ta sa mata albarka, sannan ta ɗago ta ƙare min kallo.

"Ke kuma Rabi, me ya samu fuskarki?"

"Na jego ne, Hajiya."

"To. Kafin Sallah dai a san yadda aka yi. Dangin ango 'yan Kano ne, za su riƙa shigowa. Ba na so a ce wadda ba ta gyara tata ba na ba wa 'yata."

Da dariya ta faɗa. Ni ban yi dariya ba. Na lissafa, sati goma sha biyar ya rage.

A satin farko magani huɗu ya zo hannuna.

Inna ta aiko da man kaɗanya da ta kwaɓa da kurkum da ruwan lemon tsami. Ta ce da shi ta yi nata bayan haihuwata.

Uwar mijina, Gwaggo muke ce mata, gida ɗaya muke, ta ce ita ba ta yarda ciki ne ba, kambun baka ne, mutane sun cika zancen kyan fatata. Ta hau mota da kanta ta je Ɗankaza wajen wani mai magani, ta dawo da wani koren gari cikin man shanu, an yi tofi a ciki.

Fa'iza, wata ɗalibar jami'a da take zuwa min lalle, ta kalle ni ta ce, "Haba Anti Rabi, wannan ai simful ne. Wani magani ne na matsawa, tib biyu za ki saya a kemis, kwana biyar kin manta an yi." Ba ta ma bari na saya ba, washegari ta kawo min kyauta.

Na huɗun shi ya fi ɗaure ni. Baban Hanifa kifi yake soyawa a bakin gada, mutum ne da ko ɗan kunne bai taɓa sayo min da kansa ba, kunya yake ji. Ranar Juma'a ya dawo daga kasuwa ya ajiye wata 'yar kwalba a kan gado, farin mai a ciki, ba suna ba rubutu. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Wani mai lasifika ne yake sayarwa. An ce yana yi."

To ku faɗa min. Fuska ɗaya, magani huɗu, kowa ya ce safe da yamma, kuma kada a wanke. Inna tana bugo waya kullum, "Ke 'yar nan, kina shafawa kuwa?" Gwaggo kuwa in na je gaishe ta da safe sai ta ɗan matso, na san ƙanshin man shanunta take nema. A gidanmu ba a mayar wa babba da magani. In ce wa uwar miji na ajiye nata ina shafa na uwata? Ko in ce wa Inna na Gwaggo ya fi? Wadda ta yi zaman gidan yawa ta san inda wannan maganar take ƙarewa. Ƙarya kuma ba na so in yi wa ko ɗaya.

Sai na ɗauko wata robar bota da ta ƙare, na wanke, na juye duka huɗun a ciki, na matse tib biyun tas, na juya da cokali. Hannuna dama ya saba haɗi. Na ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, wanda bai yi ba ɗan'uwansa zai yi. Daga ranar duk wanda ya tambaye ni ina shafa nasa, sai in ce wallahi kullum, kuma ban yi kaffara ba.

Sati na biyu tabon ya fara dusashewa. Sati na uku babu shi. Ba wai ya ragu ba, babu shi. Fuskata ta yi wani fayau, har ta fi ta 'yanmatancina. Inna ta ce ai ta faɗa. Gwaggo ta aika wa mai maganin Ɗankaza da kaza. Fa'iza ta ɗauke ni hoto tana nuna wa 'yan ɗakinsu. Baban Hanifa kuwa ranar ya kawo min kan kifi ragon ruwa, wanda ya san na fi so. Kowa na ce masa nasa ne ya yi. Hajiya Balaraba ta gan ni a gidan suna ta ce, "Yauwa, ko ke fa!"

Ya kamata in tsaya a nan ko? Na so. Amma ban san wanne ne ya yi aikin ba, kuma ina tsoron ya dawo kafin Sallah. Da robar ta yi ƙasa sai na ce wa su Inna nasu ya ƙare, aka ƙaro min, na sake cika ta da duka huɗun. A kemis ba wanda ya tambaye ni me zan yi da tib, miƙo min kawai aka yi.

Wajen sati na shida ne abubuwa suka fara rikicewa. Fuskata ta fi wuyana haske nesa ba kusa ba. Baban Hanifa ya ce, "Maman Hanifa, kamar an aro kan wata an ɗora miki." Na ji haushi don gaskiya ya faɗa. In na tsuguna gaban murhu sai kumatuna su ɗau zafi kamar an watsa min barkono. Ƙananan ƙuraje suka feso a haɓa. Wasu jajayen jijiyoyi sirara suka fito gefen hanci. Har gashi ya fara tsiro min a kumatu, ni da nake cire wa mutane gashi da halawa.

Na tsorata na daina shafawa. Kwana biyu fuskar ta kumbura, ta yi ja, tana raɗaɗi. Na koma na shafa, kafin la'asar ta lafa. A nan kaina ya kulle. In na shafa, ƙuraje. In na bari, wuta. To shi abin da ke cikin robar magani ne ko shi ne cutar? Wanda yake kashe min wutar ai ba za a ce shi ya kunna ta ba. Haka na riƙa gaya wa kaina.

Sati na takwas tabon ya dawo. Ba irin na da ba, wannan baƙi ne mai ratsin shuɗi, ya haura har gefen ido, kuma da yake sauran fuskar ta yi fari sai ya fito kamar an zana. Me na yi? Na ƙara yawan shafawa zuwa sau uku a rana. Ku zage ni, na cancanta.

Gwaggo ce ta kama ni. Ta shigo ɗaukar Hanifa ta tarar da robar a buɗe a kan madubi. Ta ɗaga ta shinshina.

"Rabi, wannan ba man shanuna ba ne? Me ya mai da shi ruwan ɗorawa?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta zauna a bakin gado ta riƙe haɓa.

"Abin da aka yi wa tofi kika cakuɗa da na kasuwa? Yo ina zai yi aiki! Ai kin karya shi."

Da Inna ta ji, ta ce koren garin nan ne, wa ya san me aka daka. Fa'iza ta ce lemon tsami ne, ai yana ƙona fata, ita ba ta ce in haɗa da komai ba. Baban Hanifa ya koma neman mai lasifika Juma'a biyu a jere, ko ƙurarsa bai gani ba. Da can kowa nasa ne ya yi aiki. Yanzu kowa na wani ne ya ɓata.

Sati na tara na je asibiti a nan garin. Na fita bayan sallar asuba da goyo, na karɓi kati, ban ga likita ba sai da aka kira azahar. Minti uku na yi a gabansa. Ya ce wannan aikin likitan fata ne, su ba su da shi, ya rubuta min takarda zuwa babban asibiti a Kano. A can kuma na je aka ce ranar masu ciwon fata ɗaya ce a sati, kuma layin ya cika, in dawo bayan sati biyu. Kuɗin motar zuwa biyun nan kaɗai ya cinye abin da nake samu a lallen amarya guda. Ban ga laifin kowa ba, mutane ne suka yi yawa, na ga masu ciwon da ya sa na ji kunyar nawa. Amma sati biyun nan da nake jira shafawa na ci gaba da yi, don ba wanda ya ce min in bari ko kada in bari.

Da ranar ta zo na koma Kano. Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta da yawan fara'a. Ta haska fuskata da 'yar fitila ta ce, "Me kike shafawa?"

Na buɗe jaka na ajiye mata robar a kan tebur.

"Mene ne wannan?"

Na lissafa mata. Tana rubutu, da na zo kan na uku ta ajiye biron. Da na gama ta leƙa waje ta kira wata nas ta ce ta zo ta gani. Nas ɗin ta shinshina ta ce, "Dakta, wannan in aka sa gishiri ai miya ce."

Kalma biyu na riƙe daga bakinta. Tabon farko sunansa milasma, kuma ta ce da na bar shi, da wataƙila yanzu ya kusa tafiya. Abin da ke cikin tib ɗin kuma sitiroyid, maganin kumburin fata ne na 'yan kwanaki, ba man shafawa ba. Shi ya sa fatata ta yi siriri, kuma ta saba da shi har ba ta iya zama babu shi.

Na ce, "To wanne ne ya kawo wannan baƙin na biyu?"

"Ba zan iya ce miki ga shi ba. Kin haɗa su. Na kwalbar nan da ba suna shi ya fi ba ni tsoro, don ban san me ke ciki ba. Kina kwantar da yarinyar nan a kumatunki?"

Na ce kullum. Ta kalle ni kallon da har yau ina tuna shi, ta karɓi Hanifa ta dudduba ta, ta ce alhamdulillahi ba ta ga komai ba, amma daga yau an gama.

Ta riƙe robar ba ta ba ni ba. Ta rubuta min wani mai mara ƙarfi da zan riƙa ragewa a hankali, da ƙwayoyin da mai shayarwa za ta iya sha, da man kare rana. Na ce man kare rana kuma, ni Baturiya ce? Ta ce rana ba ta tambayar ƙabila. Kuɗin ɗan ƙaramin man nan ya kai na lallen amare biyu. Ta ce ba dilka a fuska, ba sabulu mai ƙarfi, in nisanci rana da zafin wuta. Sannan ta ce, "Ki saurare ni da kyau. Zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru. Sati shida, ko fiye. Za ki ji kamar ki koma wa tib ɗin. Kada ki koma."

Na ce, "Dakta, saura sati huɗu in fara aikin amarya."

Ta ce, "Ni fuskarki aka kawo min, ba amarya ba."

Ba ta yi ƙarya ba. Fuskar ta kumbura har idona ya ƙanƙance. Ta yi ja, ta bushe, ta riƙa saɓulewa kamar ɓawon gyaɗa. Ruwan alwala ma yaji yake min. Gwaggo, duk da fushin da take yi da ni, ita ta karɓi girkina gaba ɗaya don kada in je gaban murhu, ita take goya Hanifa in raɗaɗin ya hana ni sakat. Ba zan manta mata ba. Amma tana tuƙa tuwo tana cewa, "Wane irin likita ne wannan, a je da ciwo a dawo da wanda ya fi shi? Lokacin da kike shafa namu ai kin fi haka kyan gani." Inna ma da ta zo dubiya haka ta ce. Karo na farko ke nan da na ga bakinsu ya zo ɗaya. Kuma in na kalli madubi sai in ga kamar su ne da gaskiya.

Na daure sati uku da kwana biyu. Saura kwana biyar in fara aikin Hajiya Balaraba, na sa hijabi da takunkumi na tafi kemis na sayo tib ɗaya. Ba wanda ya sani. Na ce kwana biyar kawai, in fuskar ta kwanta in gama aikin, in ya so in koma wa na likita.

Kuma ta kwanta. Jan ya ragu, saɓar ta tsaya. Tabon yana nan, amma na bi shi da hoda mai kauri. Na ɗauki kayan aikina na tafi.

Ranar farko na yi wa amarya dilka lafiya lau. Yarinya ce mai kirki, Safiyya, tana ta ba ni labarin angonta. Sai aka zo turaren jiki. Wadda ta sani ta sani: garwashi a kasko, a zuba itacen turare, amarya ta zauna a kujera mai huda a lulluɓe ta da bargo, ke kuma kina tsugune kina gyara wutar, kina leƙawa, kina ƙara turare. Sau ɗari na yi wannan a rayuwata. Ranar ko minti goma ban yi ba na ji kamar an manna min dutsen guga a kumatu. Gumi ya wanke hodar. Na ji wani ruwa yana bin haɓata, na ɗauka gumin ne, na sa gefen mayafi na goge, sai na ga mayafin ya yi ja-ja. Fatar ce ta tsage.

Mata shida ne a ɗakin, biyu daga cikinsu dangin ango. Ɗaya ta ce, "Subhanallahi, baiwar Allah, ƙonewa kika yi?" Ɗayar ta juya wajen Hajiya Balaraba a hankali, amma na ji ta: "Ba dai irin abin da ta shafa wa yarinyar ke nan ba?"

Hajiya Balaraba ta kama hannuna ta kai ni ɗakinta. Ta ba ni ruwan sanyi da tsumma mai tsabta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Rabi, je ki gida ki yi jinya. Lafiyarki ta fi."

"Hajiya, dilkata ba abin da ke ciki sai abin da kika sani."

"Na sani. Su ne ba su sani ba."

Washegari aka kira wata daga Kano ta ƙarasa aikin.

Da na koma wajen likita ban ɓoye mata ba. Ta ce na mayar da kaina farko, sai mu sake lissafi daga ɗaya. Na sake shan wutar nan, wannan karon sati bakwai, ban taɓa komai ba. Yanzu wata tara ke nan. Jan ya tafi, ƙurajen sun tafi, fuskata ta dawo kalar wuyana, alhamdulillahi. Tabon ya ragu amma yana nan, kuma likita ta ce na gefen idon wataƙila ba zai tafi duka ba. Kasko kuwa ta ce in manta da shi, in dai ina son fatar ta zauna lafiya.

Har yau ban san wanne ne ya yi min wannan ba. Gwaggo tana nan a kan kambun baka, Inna tana nan a kan koren gari. Wani lokacin ni kaina sai in ce da na tsaya a sati na uku fa? Likita ta ce da hakan ma ba ta ɓulle ba. Oho. Abin da na sani shi ne, in tabo ya fito miki, musamman na ciki, ki je a duba kafin ki shafa komai. In an ba ki magani kin rasa yadda za ki ƙi, ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, ki sa a ƙarƙashin gado. Fushin uwar miji kwana uku ne. Kuma duk man da ya mai da ke fara cikin sati biyu, ki ji tsoronsa.

Satin da ya wuce Hajiya Balaraba ta aiko a kira ni. An sa ranar 'yarta ta biyu. Na yi wanka na shafa man kare ranata na tafi. Muka gaisa, ta tambayi Hanifa, ta tambayi Gwaggo, ta kalli fuskata ta ce jiki ya yi kyau, Allah Ya ƙara sauƙi. Sannan ta ce mai gyaran Kano za ta dawo, amma zanen lallenta bai yi musu ba wancan karon.

"Lallen nake so ki yi mana, Rabi. Hannu da ƙafa. Duk garin nan ba mai hannunki."

Na buɗe baki zan ce dilkar fa, ai ita ba ta buƙatar wuta. Sai na rufe. Na ce, "To Hajiya, Allah Ya kai mu. Ja za a yi ko baƙi?"